Ido Ba Mudu Ba: Manhajar Zanen Jometiri da Maganar Hujja

Ɗan ƙanwata yana aji biyu na babbar sakandare a nan Tudun Wada ta Kaduna. Wata ranar Asabar ya faɗo mini ɗaki da wayar mahaifiyarsa a hannu, baki har kunne, ya ce, "Kawu, na gama da ƙa'idar nan ta da'ira. Na tabbatar da ita."

Ƙa'idar da yake nufi, duk wanda ya taɓa zama jarrabawar WAEC ko NECO ya san ta, ko da haddar aku ya yi mata. Ka sa ɗigo biyu a bakin da'ira, A da B. Ka ja layi daga kowannensu zuwa cibiyar da'irar, O. Ka sake jan layi daga kowannensu zuwa wani ɗigo na uku da ke bakin da'irar, P. Kusurwar da aka samu a cibiya za ta zama ninki biyu na wadda aka samu a wajen P. Yaron ya buɗe GeoGebra, wata manhajar zanen jometiri, ga zanen tsaf. A cibiya an rubuta digiri 100, a wajen P an rubuta 50. Ya ɗora yatsa a kan P yana yawo da shi a bakin da'irar, layukan na biye da shi kamar an ɗaure su da roba, amma 50 ɗin nan ko gezau. Ya matsar da B, ta cibiya ta koma 84, ta P ta koma 42, sannan ya mayar da B inda yake.

"To kin gani, ka gani," in ji shi, yana haɗa ni da mahaifiyarsa da ke bakin ƙofa.

Na gani kam, na kuma ji daɗi. Mu a zamaninmu malam ne zai ɗaure alli a igiya ya zana da'ira a allo, ta fito kamar ƙwan zabo, ya rubuta ƙa'idar a ƙasa, mu kwafe. Ba mu taɓa ganin kusurwar ta motsa ba, balle mu ga ta ƙi motsi. Duk da haka na ce wa yaron bai tabbatar da komai ba tukuna. Ya dube ni kamar na ce masa ruwa ba ya jiƙa tufa. Gardamar da muka tafka ranar ce ta jawo wannan rubutu, domin na lura ba yara kaɗai ba, har wasu malamai ba su rarrabe abin da irin wannan manhaja take yi da abin da ba ta yi.

A fara da yadda take aiki. Ka ce wa yara biyu kowa ya yi maka murabba'i a fuskar waya. Na farko ya ja layi huɗu da ido, ya gyara nan ya gyara can har ya yi kyau. Na biyu ya ja layi ɗaya daga A zuwa B, ya umarci manhajar ta tayar da layi a tsaye cak a kan A, mai digiri 90, ya zana da'ira mai cibiya a A wadda ta bi ta kan B, ya ɗauki mahaɗar da'irar da layin tsayen nan a matsayin kwana ta uku, ya bi irin wannan hanya ya fitar da ta huɗu. In ka kalli zanen biyu ba za ka bambance su ba. Amma sa yatsa ka ja kwana ɗaya. Na yaron farko nan take zai wargaje, ya koma kamar shimfiɗar da iska ta kaɗa. Na biyu zai ƙara girma, ko ya ragu, ko ya juya, amma murabba'i ne har gobe. Kama da wane ba ta wane. Masu koyar da lissafi da manhaja suna ɗaukar wannan jan ɗigo a matsayin gwajin farko: zanen da bai jure ja ba, hoto ne kawai aka yi.

Dalili kuwa shi ne manhajar nasabar zanen take ajiyewa. Akwai ɗigo masu 'yancin kansu, waɗanda kai ka dasa su inda ka ga dama. Akwai kuma waɗanda aka haifa daga wasu: tsakiyar layi 'yar ɗigo biyun da ke ƙarshen layin ce, mahaɗar da'ira biyu 'yar da'irorin ce. Kowane ɗigo yana da lambobi biyu da ke faɗin mazauninsa, nisansa ta kwance da nisansa ta tsaye, kowane layi da kowace da'ira kuma suna da lissafin aljabara da ke wakiltarsu. Da ka motsa uwa, sai manhajar ta bi jerin zuriyar tun daga sama ta sake lissafa mazaunin 'ya'ya da jikoki, ta sake zanawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, har idonka ya ga kamar abu ɗaya ne ke tafiya. Shi ya sa in ka goge uwa, duk abin da ya fito daga gare ta sai ya ɓace tare da ita. Kuma shi ya sa ba ka iya jan mahaɗa da yatsa, sai dai ka ja iyayenta.

Tunanin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A 1963 Ivan Sutherland, yana ɗalibin digirin digirgir a jami'ar MIT ta Amurka, ya ƙirƙiri Sketchpad, inda ake zane a fuskar kwamfuta da wani alƙalami mai haske, a gindaya wa layuka sharaɗi, kwamfutar ta kiyaye. A tsakiyar shekarun 1980 Jean-Marie Laborde da abokan aikinsa a birnin Grenoble na Faransa suka fara manhajar Cabri domin 'yan makaranta. A 1991 aka fitar da The Geometer's Sketchpad na Nicholas Jackiw a Amurka. Waɗannan biyun na kuɗi ne a wancan lokaci. GeoGebra kuwa wani ɗalibi ne, Markus Hohenwarter, ya fara ta a 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Austriya. Sunan ma haɗin gambiza ne na jometiri da aljabara, don tana nuna maka siffa a gefe ɗaya, lissafinta a ɗaya gefen. Kasancewar ɗalibi da malami suna samun ta kyauta, kuma tana hawa waya, shi ya kawo ta har Tudun Wada.

To mu koma ga gardamarmu. Me ya rage wa yaron?

Abin da ya yi awo ne. Ya auna kusurwa a wurare da yawa, ɗari ko dubu, ya ga amsar ba ta canza ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da a ilimin kimiyyar gwaji ne da an ce ya yi ƙoƙari. Sai dai lissafi yana da wata al'ada da ya gada tun daga Euclid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, mutumin da ya rayu a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A littafinsa mai juzu'i 13 ya fara da 'yan maganganu kaɗan da kowa zai yarda da su, ya riƙa ɗora hukunci a kan hukunci, kowane da dalilinsa. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Halifa Haruna Rashid, daga baya Sabit bn Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya tace wata fassarar. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ba baƙon wannan tsari ba ne. In ka kawo hukunci za a tambaye ka madogara. "Na duba na ga haka ne" ba ya shiga sahun madogara.

Yaron ya ce ai gani ya kori ji. Sai na ɗauko takarda mai gidaje na yi masa wani tsohon wasa. Murabba'i mai gida 8 a tsaye, 8 a kwance, gidaje 64 ke nan. A yanka shi gida huɗu: alwatika biyu, kowace mai tsawon 8 da faɗin 3, da wasu guntaye biyu masu gefe huɗu, kowane da gefe ɗaya 3, na daura da shi 5, tsakaninsu 5. A sake jera guntayen nan huɗu, sai su ba ka siffa mai tsawon 13 da faɗin 5. 13 sau 5, 65. Daga ina gida ɗaya ya fito? Ya jujjuya takardun ya fi sau biyar bai gano ba. Sirrin yana kan dogon layin da ya ratsa siffar daga kwana zuwa kwana. Ido yana ganinsa a miƙe, alhali ba a miƙe yake ba. Gefen alwatikar yana hawa gida 3 a cikin 8, wato 0.375. Gefen ɗaya guntun yana hawa gida 2 a cikin 5, wato 0.4. Bambancin ɗan ƙanƙani ne, amma ya bar wata siririyar kafa a tsakiya, doguwa kamar tsinken tsintsiya, wadda in aka tattara filinta gida ɗaya ne cif. Kaurin bakin fensir ya isa ya rufe ta.

Fuskar waya ma tana da nata kaurin fensirin. Lambar da manhaja ke nuna maka an datse mata wutsiya. In ka saita ta ta nuna lamba ɗaya bayan ɗigo, kana iya auna kusurwoyi uku na alwatika, ka tara abin da ka gani da hannunka, ka samu 179.9 ko 180.1. Ba wanda zai ce ƙa'idar 180 ta karye saboda haka. To ta ɗaya ɓangaren fa? In manhaja ta nuna maka 50.0 da 50.0, me ya hana ɗayan ya zama 50.02?

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan, wanda ba ruwansa da kaifin awo. Zana da'ira, sa ɗigo biyu a bakinta, haɗa su da layi: da'irar ta rabu gida 2. Ɗigo uku, a haɗa kowanne da kowanne: gida 4. Ɗigo huɗu: 8. Ɗigo biyar: 16. Tambayi kowa a aji nawa ɗigo shida za su bayar, har rige-rigen ɗaga hannu za a yi: 32. Zana ka ƙirga. Duk yadda ka jera ɗigon nan shida ba za ka wuce 31 ba, in ma ka jera su daidai wa daida a zagayen sai ka samu 30. Na bakwai 57 yake bayarwa, ba 64 ba. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A lissafi ma arba'in ɗin ba ta wadatarwa, domin ɗigon da ke bakin da'ira ba su da iyaka, ba wanda zai gwada su duka.

Kada wani ya ɗauka kushe manhajar nake yi. Inda ta fi ƙarfi ma a wajen hujjar ne, in an san yadda za a riƙe ta. Ga yadda muka yi da yaron.

Na ce ya ja layi ɗaya tak, daga P ya bi ta cibiya ya zarce. Ya ja. Na ce ya sake yawo da P ya faɗa mini abin da ba ya canzawa ban da lambobin. Ya daɗe yana ja. Can ya ce, "Kawu, layin O zuwa P da layin O zuwa A ai tsawonsu ɗaya ne kullum, tunda duk daga cibiya suke zuwa baki." Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Alwatikar O, A, P tana da ƙafa biyu daidai, don haka kusurwarta ta wajen A da ta wajen P daidai suke. A kira kowace x. Kusurwoyin alwatika 180 suke tarawa, saboda haka ta wajen O ita ce 180 a cire x biyu. Layin da ya fito daga P ya zarce ta O miƙaƙƙe ne, shi ma 180, ke nan abin da ya rage a ɗaya gefen O, tsakanin layin da A, x biyu ne. A yi haka a ɓangaren B, a kira tasa y, a samu y biyu. Kusurwar P ita ce x da y. Ta cibiya ita ce x biyu da y biyu. Ninki biyu ke nan. Ba mu auna komai ba, ba mu ambaci 50 ko 100 ba, kuma maganar ta hau kan kowace da'ira, daga bakin kofin shayi har shataletale.

A nan ne manhajar ta yi abin da allo ba ya iyawa. Na ce ya ci gaba da jan P zuwa kusa da B. Yana cikin ja sai zanen ya juye: cibiya ta fice daga tsakanin layuka biyun da suka fito daga P, alwatika ɗaya ta hau kan ɗaya. Lambar tana nan 50, amma hujjar da muka gama yanzu ta daina aiki, domin x da y ba a jere suke ba kuma, ɗaya tana cikin ɗaya. A wannan hali sai an debe ƙarama daga babba maimakon a tara. Littattafai da yawa zane guda suke kawowa, wanda P ke zaune a sama tsakiya kamar mai unguwa. Amma in ta cibiya 100 ce, babban bakan da P ke yawo a kai digiri 260 ne, kuma a cikin digiri 100 kacal zanen littafin yake daidai. A sauran 160 ɗin, wato fiye da rabi, hoton daban ne. Na shekara da shekaru da sanin ƙa'idar nan, ban taɓa jin nauyin wannan ba sai da na ga zanen yana juyewa a ƙarƙashin yatsa.

Masana lissafi sun daɗe da sanin cewa zane guda yana iya yaudarar hujja. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake yawo da wata shahararriyar hujjar bogi mai nuna wai kowace alwatika ƙafafunta biyu daidai suke. Kowane mataki nata in ka bi shi za ka ga kamar ba aibu. Ƙaryar tana cikin zanen: ana ɗora mahaɗar wasu layuka biyu, wanda ya raba kusurwar sama biyu da wanda ya tashi tsaye daga tsakiyar gindin alwatikar, a cikin alwatikar, alhali in aka gina su da gaskiya a waje suke haɗuwa. Da hannu, malami mai wayo zai ɗan karkata alli ba wanda ya lura. A manhaja ba hali. Ja alwatikar duk inda kake so, mahaɗar tana waje. Shi kansa Uƙlidis bai tsira ba. A hukuncinsa na farko ya zana da'ira biyu ya ɗauki inda suka haɗu, ba tare da wata magana a cikin sharuɗɗansa da ta tabbatar dole su haɗu ba. Ido ne ya gaya masa. Sai a 1899 Bajamushen nan David Hilbert ya sake shimfiɗa harsashin jometiri ya toshe irin waɗannan kafofi.

Akwai wani misali da nake so ƙwarai don sauƙinsa. Zana kowace irin siffa mai gefe huɗu, karkatacciya, mummuna, yadda ka ga dama. Nemi tsakiyar kowane gefe, ka haɗa tsakiyoyin nan huɗu bi da bi. Abin da zai fito a ciki kullum siffa ce da kowane gefe nata yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da na daura da shi, tsawonsu kuma ɗaya. Ja kwana ɗaya ka lotsa ta ciki, ka ma sa gefuna su gitta juna, ta cikin tana nan da halinta. Ana danganta wannan da Bafaranshe Pierre Varignon, an buga shi a 1731 bayan rasuwarsa. Yara in suka ga wannan sukan yi shiru, sannan wani ya ce "Malam, ya aka yi haka?" Wannan tambayar ita ce ribar manhajar gaba ɗaya. Amsar kuma, kamar ɗazu, layi ɗaya ce: haɗa kwana biyu masu fuskantar juna, sai ka ga alwatika biyu, kuma layin da ya haɗa tsakiyar gefe biyu na alwatika kullum rabin gefe na ukun ne, yana kuma tafiya daura da shi.

Ka lura, sau biyu ke nan abin ya tsaya a kan layin da babu shi a cikin tambaya, sai mutum ya ƙaro shi. Nan ne wuyar jometiri take, kuma nan ne injuna suka daɗe suna tuntuɓe. Tun 1959 Herbert Gelernter ya rubuta wa kwamfutar kamfanin IBM shirin da ke tabbatar da ƙananan ƙa'idojin jometiri. A 1977 masanin ƙasar Sin Wu Wenjun ya fito da hanyar mayar da zane gaba ɗaya zuwa aljabara, inji ya yi ta niƙa har amsa ta fito. GeoGebra ma tana da umarni mai suna Prove wanda ke bin irin wannan hanya ta aljabara, ba awo ba. In ta ce maka gaskiya ne, to ta fi ƙarfin "na ja na gani". Sai dai kalma ɗaya za ta ba ka, ba za ka tashi da sanin dalili ba, kamar wanda aka yanke wa hukunci ba a karanta masa shari'ar ba. A watan Janairun 2024 kamfanin DeepMind ya bayyana AlphaGeometry, wanda ya warware 25 daga cikin tambayoyi 30 na jometiri irin na gasar lissafi ta duniya. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka raba masa aiki: ɓangare ɗaya yana bin dalili mataki-mataki, in ya cije sai ɗaya ɓangaren ya ba da shawarar a ƙara wani ɗigo ko wani layi. Wato abin da na ce wa ɗan ƙanwata ya yi da P da O, shi ne aikin da sai da aka tanadar masa ƙirƙirarriyar basira.

Wani zai ce duk wannan maganar 'yan boko ce. To ya leƙa Panteka. Mai walda in ya haɗa firam ɗin ƙofa, ba ya wadatuwa da cewa tsawon hagu daidai yake da na dama, na sama daidai da na ƙasa. Sai ya ɗora tef daga kwana zuwa kwana, ya sake ɗorawa ta ɗaya gicciyen, in awon biyu bai zo ɗaya ba ya san firam ɗin ya karkace. Gefe huɗu ba sa tsayar da siffa, tana iya kwantawa gefe guda tsawonsu bai canza ba. Gefe uku kuwa suna tsayar da alwatika, shi ya sa ake gitta ƙarfe a bayan get. Magini mai fitar da harsashi a Rigasa ko Kawo, in ya auna 3 a igiya ɗaya, 4 a ɗaya, ya nemi 5 a tsakaninsu, da ƙa'idar da ke rufe juzu'in farko na littafin Uƙlidis yake aiki: 9 da 16 sun ba da 25, don haka kwanar sikwaya ce. Gina firam ɗin mai walda a manhaja, gefe huɗu masu tsayayyen tsawo, ka ja kwana ɗaya ka ga yana rangaji, ka ƙara layin gicciye mai tsayayyen tsawo ka ga ya ƙame. Ɗan mai walda da ke ajin zai gane wannan kafin ɗan malami.

Sai dai a faɗi gaskiya game da inda muke. Makarantu da yawa ba sa barin yaro ya shigo da waya, kuma suna da dalilinsu. Inda akwai ɗakin kwamfuta akwai matsalar wuta. Aji in ya cika maƙil, malami ɗaya da waya ɗaya ba zai zagaya kowa ba. Abin da ke da sauƙi shi ne manhajar in an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba data, kuma ba sai waya mai tsada ba. Ni a ganina malami ne ya fi buƙatarta kafin ɗalibi. Malamin da ya kwana yana jan P ya ga zanen ya juye, gobe in ya tsaya gaban allo zane uku zai yi maimakon ɗaya, ko da babu ko fitila a ajin. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a nan Kaduna hedikwatarta take tun kafa ta a 1976, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Jami'ar Jihar Kaduna, ga ABU a Zariya. In da za a ji tawa, ta wajen masu koyon koyarwa ya kamata a fara.

Kuma kada a jefar da kamfas da rula. A jarrabawar WAEC har yanzu ana kawo tambayar gini da rula da kamfas kaɗai, a ce ka fitar da digiri 60 ko 45, ko ka raba layi biyu daidai, kuma ana duba sawun bakan da kamfas ya bari a takarda. Manhaja tana da maɓallin da ke raba kusurwa biyu a taɓawa ɗaya. Yaron da ya saba da wannan maɓalli zai zauna a ɗakin jarrabawa yana kallon kamfas kamar baƙon abu. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a hana shi maɓallan gajeriyar hanya da farko, a bar masa ɗigo da layi da da'ira kawai, su ne rula da kamfas ɗin manhajar. In ya gina da su, ya ja bai wargaje ba, to ya san matakan, saura hannu ya saba a takarda.

Maganar harshe ma tana nan. Da Turanci yaron ke danna maɓallan, amma da ya zo gane dalilin, da Hausa ya faɗa: "duk daga cibiya suke zuwa baki." Ban gyara masa ba. Daga baya ya sa wa abin sunansa na littafi.

Bayan la'asar ya dawo da hujjar hali na biyu a bayan takardar kalanda, ya debe x biyu daga y biyu, daidai. Sai na karɓi wayar na ja P na tsallakar da shi layin A da B, na shigar da shi ƙaramin bakan da ke tsakaninsu. Kusurwar da ta yini tana 50 ta koma 130.

"Kawu, ta lalace."

Na ce ba ta lalace ba, ya je ya nemo wace kusurwa ce a cibiya ta zama ninki biyu na 130, ya kuma gaya mini abin da yake samu in ya tara 130 da 50. Ya miƙo hannu zai karɓi wayar ke nan ƙanwarsa ta leƙo ta ce Umma ta ce a kawo mata wayarta, caji ya kusa ƙarewa kuma ba a kawo wuta ba. Ya tafi da takardar kalandar da fensir.